Ranar da Na Cire Sunana

Ɗakin da ya fi sanyi a duk Tawa
nawa ne, bayan biron mai biyan albashi,
inda ƙarfe ɗaya ke gurnani dare da rana,
a cikinsa na'ura goma sha tara
da ba wanda ya taɓa ɗauka da hannu.
Gida guda, ɗakuna ba bulo ba laka,
ni ke rabon mabuɗai.

Shekara goma sha ɗaya ke nan.
Na ware ma'aikatan likita kashi-kashi
kamar mai tsintar wake a faifai:
masu leƙe ta taga, ba taɓawa,
masu kunnawa da kashewa,
sai mu biyu, daga baya ni kaɗai,
masu iya rushe ɗaki da yatsa ɗaya.
A garin nan in an ce gurup, injin wuta ake nufi.
Nawa gurup ba ya shan gazuwal,
sunaye yake sha.

Na san mutane ta abin da suke mantawa.
Arzika na ɗakin magani, kowace Litinin:
"Nomau, ta ƙi ni kuma."
Madam Habsu ta rubuta kalmar sirrinta
a gindin kofin shayi.
Dakta Bizo ya ce in buɗe mishi kowace ƙofa
tunda shi ne babba.
Na ce girma daban, mabuɗi daban.
Wata uku bai amsa gaisuwata ba,
sai daren da barci ya ja hannunsa
ya danna "goge" kan na'urar awon jini
ƙofa ta ƙi.
Da safe na tarar da kilishi bisa tebur,
ba takarda, ba magana.

Akwai sunayen da ban goge ba, na dai rufe.
Illa na ɗakin gwaji,
wanda ya ce zai je Arlit ya dawo.
Shigarsa ta ƙarshe tana nan:
Talata, ƙarfe huɗu da minti shida.
Duk ƙarshen shekara sai in kai hannu,
sai in tuna ban sha ruwa ba, in tashi.

Yau takardar canjin wuri ta cika. Yamai.
Cima na zaune kusa da ni, mayafi ninki biyu,
ba ta saba da sanyin ba tukuna.
Na rubuta sunanta harafi-harafi,
na tura mata allon rubutu,
na juya ina ƙirga tsagar bango
har ta gama saka sirrinta.
Na ɗauke ta daga masu leƙe,
na aje ta a sama, kusa da ni.
Minti biyu muka yi mu biyu a layin.

Saura nawa.
Na'ura ta tambaye ni da Faransanci ko na tabbata.
Shekara goma sha ɗaya ina kwana gadinta
in kuran ya ɗauke,
ba ta taɓa tambayata yadda na tashi ba,
sai yau.
Na danna.

Don in gani da idona na sāke ƙwanƙwasawa.
"Ba ka da izini."
Kalmomin da na sa aka gaya wa Bizo,
ko waƙafi ba su canza ba.
Cima ta ce, "In bar maka ƴar taga?"
Na ce a'a.
Na ce, to, Illa dai, kar ki taɓa shi.

A waje rana ta mare ni.
Mai gadi ya karɓi mabuɗin ƙarfe ya rataya a ƙusa,
mai kabu-kabu ya ɗaure jakata da roba.
Mun kusa tasha salula ta yi ƙara.
Ashe Litinin ce.

"Nomau, ta ƙi ni kuma."
Na ce, Arzika, ni ma.